HIGUCI ICIYO (1872-1896): MARUBUCIYAR SOYAYYAR ƘURUCIYA DA KAƊAICI

Duk wanda ya karanta littafin Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta a Zariya cikin shekarun 1930, ya san yadda dukiyar Malam Shehu ta raba Abubakar da Zainab, alhali suna son juna tun suna ƙanana. Irin wannan labari ba a ƙasar Hausa kaɗai ake ba da shi ba. A can gabas mai nisa, a ƙasar Japan, an yi wata mata wadda ta shahara wajen bayyana yadda son yara yake tsirowa, da yadda talauci da asali suke kashe shi tun bai yi ƙarfi ba. Sunanta Higuci Iciyo. Shekara 24 kawai ta yi a duniya. Ta rasu a 1896, wato shekara uku kafin rundunar Voulet da Chanoine ta iso ƙasar Tasawa, inda sojojinsu suka kashe su a wajen Maijirgi. Amma har yau ana karanta littattafanta a makarantun Japan, ana kuma lissafa ta a matsayin mace ta farko a zamanin nan da ta nemi abincinta da alƙalami a ƙasar.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haife ta ran 2 ga Mayu 1872 a birnin Tokiyo, aka raɗa mata suna Natsu. Iyayenta, Noriyoshi da Taki, ƴaƴan manoma ne daga lardin Kai, wanda yanzu ake kira Yamanashi. Su ma soyayya ce ta fitar da su daga ƙauye, domin dangin yarinyar ba su yarda da auren ba, sai suka gudu zuwa babban birni a 1857. Noriyoshi ya yi shekara goma yana wahala yana tari, har a 1867 ya sayi muƙamin samurai, wato ajin baraden sarakuna waɗanda suke sama da manoma da ƴan kasuwa. Shekara ɗaya bayan haka mulkin ƙasa ya juya, aka shiga zamanin Sarki Meiji, ba a daɗe ba kuma aka soke gatan samurai ɗungum. Noriyoshi ya koma ƙaramin ma'aikacin hukuma a Tokiyo. Abin da ya rage wa gidan daga wancan muƙami shi ne girman kai da kunyar a ga talaucinsu.

A shekarar da aka haifi Natsu ne gwamnatin Japan ta kafa dokar sa yara maza da mata makaranta. Natsu ta shiga, ta kuwa nuna ƙwazo, domin ita ce ta fari a ajinsu a 1883. Duk da haka uwarta ta ga karatu mai zurfi ba shi da amfani ga ƴa mace, gara ta koyi ɗinki da aikin gida. Aka cire ta tana da shekara 11. Wannan abu ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta rubuta shi daga baya a cikin littafin da take ajiye al'amuran rayuwarta na yau da kullum.

Ubanta ya lura da baƙin cikinta. Ya riƙa sayo mata tsofaffin littattafai, sa'an nan a 1886 ya kai ta wata makarantar koyon waƙa da ake kira Haginoya, ta wata malama mai suna Nakajima Utako. A can ta koyi waƙoƙin gargajiya da labaran fadar Japan na shekaru dubu da suka wuce. Amma yawancin ɗaliban ƴaƴan hakimai ne da attajirai, masu zuwa da tufafin alharini. Ita kuwa da tsohon kaya take zuwa. A wani babban taron gasar waƙa a 1887 ta zo da kwancen tufa a tsakiyarsu, kuma ita ce ta ci gasar. Tun daga nan ta san zaman kaɗaici cikin taro.

Nauyin gida a kan yarinya

Cikin shekara biyu gidansu ya rushe. Babban wanta Sentaro ya rasu da tarin fuka a ƙarshen 1887. Ubanta ya zuba dukiyarsa cikin wani kamfanin masu amalanken dako, kamfanin ya karye, shi kuma ya rasu a Yuli 1889, ya bar bashi. Natsu tana da shekara 17, kuma a takardun hukuma ita ce shugabar gida, da uwa da ƙanwa Kuniko a wuyanta. Akwai wani saurayi ɗalibin shari'a, Shibuya Saburo, wanda aka yi musu baiko tun uban yana da rai. Da ya ga babu dukiya sai ya janye. Daga baya ya zama babban ma'aikacin shari'a, har ya riƙe gwamnan lardi.

Matan uku suka koma wani ɗan gidan haya a unguwar Hongo, suna wankau da ɗinki. Natsu ba ta gani sosai daga nesa, ɗinki kuma ba ya mata daɗi. Ta yi wasu watanni a gidan malamarta tana aiki kamar baranya. Hanyar gidan jingina ta zama sananniya gare ta: a kai tufafin sanyi in zafi ya zo, a karɓo su da bashi in sanyi ya dawo.

Abin da ya buɗe mata ido shi ne wata abokiyar karatunta, Tanabe Kaho, wadda ta buga littafin labari a 1888, aka biya ta yen 33. A lokacin wannan kuɗi zai ciyar da ƙaramin gida watanni. Natsu ta ƙudura cewa ita ma za ta rubuta labari ta sayar. Ta riƙa zuwa babban ɗakin karatu na Ueno tana koya wa kanta. Ta zaɓi sunan alƙalami Iciyo, ma'anarsa ganye ɗaya.

Son da ba a furta ba

A Afrilu 1891 aka haɗa ta da Nakarai Tosui, mai rubuta labarai kashi-kashi a jaridar Asahi, domin ya koya mata sana'ar. Ya girme ta da shekara 11, matarsa kuma ta rasu. Ya karɓe ta da mutunci, ya duba rubutunta, wani lokaci ya ranta mata kuɗi. Iciyo ta kamu da sonsa. A littafinta na yau da kullum ta ba da labarin wata rana a Fabrairu 1892 da ƙanƙara ke zuba, ta je gidansa, ya tashi da kansa ya dama mata kunun wake mai zaƙi. Ba ta mance da wannan rana ba har ƙarshen ranta. A Maris na shekarar ya buga labarinta na farko, Yamizakura, a mujallarsa Musashino. Labarin wata yarinya ce da ke son ɗan maƙwabtansu, ta kasa faɗa, har ciwo ya kwantar da ita.

Amma bakin mutane bai bar su ba. A makarantar Haginoya aka fara tsegumi cewa budurwa tana zuwa gidan gwauro ita kaɗai. Ga ƴar gidan samurai mai riƙe da sunan gida, wannan zargi ya fi yunwa muni. A Yuni 1892 ta je ta shaida masa ta daina zuwa. Ta ci gaba da ambatonsa a rubutunta na ɓoye, suna ɗan gaisawa jefi-jefi, amma aure bai yiwu ba. Ba ta yi aure ba har ta mutu.

Rabuwar ta cuce ta a zuciya, amma ta amfane ta a sana'a, domin Tosui marubucin nishaɗi ne, ita kuwa abin da ke cikinta ya wuce nan. A Nuwamba 1892 wata babbar mujalla ta buga labarinta Umoregi, a kan wani mai zanen tukwane da ya ƙi sayar da gwanintarsa da arha. Wani wanta, Toranosuke, wannan ce sana'arsa. Labarin ya jawo hankalin wasu samarin marubuta masu mujallar Bungakukai, suka nemi ta riƙa ba su rubutu.

Wata goma a bakin Yoshiwara

Kuɗin rubutu bai isa ba. A Yuli 1893 suka sayar da abin da ya rage, suka koma Ryusenji, unguwar talakawa da ke jingine da Yoshiwara. Yoshiwara kuwa unguwar karuwai ce wadda hukuma ta yarda da ita, an kewaye ta da gwalalo, kuma yawancin matan da ke ciki iyayensu ne suka karɓi kuɗi a kansu, bashin ya ɗaure su shekaru. Ba a rufe ta ba sai a 1958. Mutanen Ryusenji duka da ita suke ci: masu jan keken haya, da masu ɗinki, da masu dafa abinci, da masu ba da rance.

A nan Iciyo ta buɗe ɗan kanti na alewa da kayan wasan yara da tarkacen gida. Takan yi sammako ta je sari, ta ɗauko kaya a baya, ƙanwarta tana tsaron kanti. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, ga shi wani ya buɗe irin kantin a gabansu. Ƙunci ya kai ta har wurin wani mai duba da ke harkar kuɗi domin neman rance, shi kuwa ya nemi ta zama farkarsa, ta ƙi. A Mayu 1894 suka rufe kanti.

Ta yi hasarar ciniki, amma ta samu abin da makarantar waƙa ba ta ba ta ba. Wata goma tana kallon yaran unguwa suna shigowa da ƴan kuɗinsu, tana jin zancensu da faɗansu, tana kuma ganin cewa tun kafin su balaga an riga an san abin da kowane zai zama. A wannan lokaci ne kuma ta karanta Ihara Saikaku, marubucin ƙarni na 17 wanda ya yi rubutu a kan ƴan kasuwa da bashi da karuwai, ta gane ashe rayuwar talaka ma abin rubutawa ce. Sabon gidan da suka koma yana maƙwabtaka da gidajen giya, matan da ke aiki a wurin kuma, waɗanda ba su iya rubutu ba, sukan zo ta rubuta musu wasiƙu. Ta haka ta ji asirin zukatansu.

Wata goma sha huɗu

Daga Disamba 1894 zuwa farkon 1896 ta rubuta dukan manyan labaranta. Masana adabin Japan suna kiran wannan lokaci wata 14 na al'ajabi.

Mafi shahara shi ne Takekurabe, wato gwada tsawo, wanda aka buga kashi-kashi daga Janairu 1895 zuwa Janairu 1896. Sunan yana tuna wa Japanawa wani tsohon labari na yaro da yarinya da suke gwada tsawonsu a bakin rijiya, suka girma suka auri juna. A labarin Iciyo ba haka aka ƙare ba. Midori yarinya ce ƴar shekara 14, kyakkyawa, mai kyauta da baki, sarauniyar yaran unguwa. Kuɗin da take rabawa daga yayarta suke fitowa, wadda ita ce babbar karuwar wani gida a Yoshiwara, kowa kuma ya san Midori ita ce magajiyarta. Nobu ɗan shekara 15 ne, mai kunya, ɗan limamin wani ɗakin ibada na addinin Budda, shi ma gadon ubansa yana jiransa. Makarantarsu ɗaya. Wata rana ya faɗi ya ɓata tufafinsa, ta miƙa masa ƙyallenta, yara suka yi ta yi musu ba'a, daga nan ya shiga gudunta, ita kuwa ta ɗauka raini ne.

Yaran unguwar ƙungiya biyu ne, na bakin titi da na lungu. Ranar bikin unguwa na lungu suka kai hari, shugabansu Cokici ya jefi Midori da takalmi mai laka a goshi, ya kuma goranta mata sana'ar gidansu. Nobu ba ya wurin, amma da yake ana lissafa shi cikinsu, ta ɗora masa laifi, ta daina zuwa makaranta. Bayan haka, ran wani ruwan sama, igiyar takalmin katakon Nobu ta tsinke daidai ƙofar gidan su Midori. Ta fito da wani jan ƙyalle domin ta taimaki mai wucewa, da ta ga ko wane ne sai ta daskare. Shi ma bai waiwayo ba. Ta jefa ƙyallen ta tsakanin sandunan ƙofa ta koma ciki. Ya tafi ya bar shi cikin ruwa, alhali zuciyarsa tana wurinsa. Da watan Nuwamba ya zo aka yi wa Midori gyaran gashi irin na manyan mata, ta shiga ɗaki ta daina wasa da kowa. Wata safiya mai sanyi ta tarar an soke farin furen takarda a ƙofarsu, ba ta san wanda ya ajiye ba, ta ɗauka ta adana. Daga baya ta ji a daidai lokacin ne Nobu ya tafi makarantar limamai.

Babu wanda ya mutu a labarin, babu kuma mugu guda da za a nuna da yatsa. Yaran biyu ko kalmar so ba su taɓa furta wa juna ba. Abin da ya raba su shi ne gidan da aka haifi kowanensu. Mai karatu a Tasawa ko Mayahi wanda ya ga yarinya tana gaɗa a dandali bana, baɗi kuma an ce ta girma an cire ta daga aji, zai gane Midori ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

Sauran labaran ma a kan wannan turba suke. A cikin Jusan'ya, wato daren sha uku ga wata, Oseki ta zo gidan iyayenta da dare tana neman a raba aurenta da wani babban ma'aikaci mai wulaƙanta ta. Ubanta ya tuna mata cewa in ta fita za ta rasa ɗanta, ƙanenta kuma zai iya rasa aikin da mijin ya samar masa. Ta haƙura. A hanyar komawa sai ta ga mai jan kekenta shi ne Rokunosuke, wanda suka so juna suna yara, ya lalace tun ranar da aka aurar da ita. Suka gaisa, ta ba shi ɗan kuɗi, kowa ya kama gabansa. A cikin Nigorie, wato gurɓataccen ruwa, Oriki ma'aikaciyar gidan giya ce, mai dariya a gaban baƙi da kuka a ɓoye, ƙarshenta kuma mutuwa tare da mutumin da ya tsiyace saboda ita. A cikin Otsugomori wata baranya ce ta saci yen 2 a jajibirin sabuwar shekara domin kawunta marar lafiya ya biya bashi. A kowane labari akwai lissafin kuɗi, kuma Iciyo ta san lissafin domin da shi take kwana.

Suna da ajali

A Afrilu 1896 aka sake buga Takekurabe gaba ɗaya a wata mujalla mai yawan masu karatu. Manyan marubuta uku, Mori Ogai da Koda Rohan da Saito Ryokuu, waɗanda aka san su da tsananin suka, suka yaba masa matuƙa. Nan da nan gidanta ya cika da baƙi da masu neman rubutu. Abin bai ruɗe ta ba. Ta lura cewa da yawa suna zuwa ne kallon abin mamaki, wai mace ta iya rubutu, kuma cikin masu yabon ba ta ga wanda za ta kira aboki na gaske ba. Bashi kuwa yana nan.

A lokacin ciwo ya riga ya kama ta. A Agusta likita ya tabbatar tarin fuka ne, irin wanda ya kashe wanta, kuma ya yi nisa. Mori Ogai, wanda shi ma likitan soja ne, ya sa wani babban likita ya duba ta, amma a zamanin babu magani, domin sai a shekarun 1940 aka samo allurar da ke kashe ƙwayar cutar. Ta rasu ran 23 ga Nuwamba 1896. Saboda rashin abin hidima, iyalin suka yi jana'iza ƙarama, mutane kaɗan suka raka ta. Uwarta ta bi ta a 1898.

Ta bar labarai sama da 20, da waƙoƙi wajen 4,000, da littattafan rayuwarta na yau da kullum. Ƙanwarta Kuniko ce ta adana takardun, har aka buga su a 1912, a nan ne jama'a suka san zurfin son da ta yi wa Tosui. An mai da labaranta sinima a 1953 da 1955. A 1961 aka buɗe gidan tarihi da sunanta a unguwar da ta yi kanti. Daga 2004 zuwa 2024 gwamnatin Japan ta riƙa buga hotonta a takardar kuɗi ta yen 5,000, ita da ta sha kai tufafinta jingina saboda shinkafar kwana ɗaya.

Akwai abin lura a nan ga manya da suka koyi karatu da girmansu, da ma'aikatan da ke kula da sha'anin ilmi. An cire Iciyo daga makaranta tana da shekara 11, amma ɗan abin da ta samu bai ɓace ba, domin ubanta ya ci gaba da sayo mata littafi, akwai kuma ɗakin karatu da za ta shiga. A Kano ma an ga irin haka ga Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya, ta koma karatun manya, ta zo ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? Yara irin Midori da Nobu suna kowace unguwa, sai dai ba kowace unguwa ce take da wanda zai rubuta labarinsu ba. Unguwar Ryusenji ta samu nata ne saboda mai sayar da alewa a wurin ta iya karatu da rubutu.